Sirrin motocin gudu: Rage kilo ya fi ƙara wa inji ƙarfi

Duk wanda ya saba zama a tashar mota ranar kasuwa, ko a Birnin Ƙonni ne, ko Jibiya, ko Gaya, ko Maigatari, ya san irin gardamar da direbobi da 'yan kamasho kan yi idan suna jiran mota ta cika. Wannan ya ce injinsa ya fi na kowa ƙarfi, wancan ya ce tasa motar ba ta san tudu ba. Kullum maganar inji ce. Da wuya ka ji wani ya tambayi nauyin motar ita kanta, balle nauyin abin da aka ɗora mata. To, amma su waɗanda ke ƙera motocin da suka fi gudu a duniya, wato motocin tsere da kuma ƙannensu masu kujera biyu da masu hali ke saye don hawa a kan titi, sun daɗe da gane cewa sikeli ya fi inji faɗin gaskiya. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu kai mai karatu Ingila da Jamus da Faransa, mu ga yadda ake rage wa waɗannan motoci nauyi, da abin da hakan ke jawowa na riba da na hasara. Muna ganin wanda sana'arsa ke kan hanya ba zai rasa abin ɗauka ba.

Mutumin da ya yaƙi kilo

Ba a maganar rage wa mota nauyi ba tare da an ambaci Colin Chapman ba. An haife shi a Ingila a 1928, ya karanci aikin injiniya a Landan, ya ɗan taɓa aikin sojan sama, daga bisani ya yi aiki da wani kamfanin alminiyam. A wajen masu ƙera jirgin sama kuwa, kowane kilo abokin gaba ne, kuma da wannan tunani ya shigo harkar mota. A 1948 ya gyara wata tsohuwar ƙaramar mota ƙirar Austin ya shiga gasa da ita, a 1952 kuma ya kafa kamfanin Lotus. Ba shi da kuɗin da zai ƙera manyan injuna irin na kamfanonin Italiya, don haka sai ya bi ta wata hanya. Aƙidar da aka san shi da ita ita ce, ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, amma rage nauyi yana sa mota sauri a ko'ina.

A 1957 ya fito da Lotus Seven, mota ba ƙofa, ba wani kayan alatu, nauyinta wajen kilo 500, wato kamar buhun shinkafa 10. Injin farko da aka sa mata na Ford ne, ƙarami mai ƙarfin doki 40 kacal, amma duk da haka ta riƙa ba motocin da suka ninka ta ƙarfi kunya a hanya mai kwana-kwana. Hausawa dai sun ce kowa ya rena gajere bai taka kunama ba. Kamfanin Caterham ya sayi izinin ƙera ta a 1973, ya ci gaba da fitar da ita.

A 1962 Chapman ya watsar da tsohon salon haɗa ƙashin motar tsere da bututun ƙarfe, ya ƙera Lotus 25 da fallayen alminiyam kamar kwalekwale, direba yana kishingiɗe a ciki. Ta fi ta da sauƙin nauyi, kuma ta fi ta ƙwari. Da ita Jim Clark ya ci tsere 7 cikin 10 a 1963, ya zama zakaran duniya. A 1967 kuma, a motar Lotus 49, sai aka mayar da injin kansa wani ɓangare na ƙashin mota, aka ɗaura ƙafafun baya a jikinsa da jikin akwatin giya. Abu ɗaya ya yi aiki biyu, ƙarafunan da za su riƙe bayan motar suka zama ba su da amfani, aka zubar da su.

Lissafin da ke ciki

Mu 'yan kasuwa ne, don haka bari mu yi lissafi. A ce mota tana da nauyin kilo 1,000, injinta kuma yana da ƙarfin doki 100. Ke nan kowane doki yana jan kilo 10. Idan aka cire mata kilo 100, kowane doki ya koma jan kilo 9. Wanda ya so ya sami wannan sakamako ta hanyar inji, sai ya ƙara ƙarfinsa zuwa doki 111, ga tsadar aikin, ga ƙarin shan mai. Wannan ribar farko ke nan, wato saurin tashi.

Riba ta biyu tana wajen birki. Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin tafiyar mota ya zama zafi. Idan nauyin mota ya ninka, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da ita ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, zafin ya ninka sau 4. Idan kuwa duka biyun suka ninka, to sau 8 ke nan. Birkin da ya yi zafi fiye da ƙima daina ci yake yi, ko da direba ya tashi tsaye a kansa.

Riba ta uku tana kwana. Duk mota so take ta wuce gaba sak, tayoyi ne ke tilasta mata ta karkata, kuma wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba. Gwargwadon nauyi, gwargwadon wahalar da tayoyin ke sha, kuma riƙon taya ba ya ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora mata. Riba ta huɗu ita ce mai da taya, domin mota marar nauyi ba ta shan mai da yawa wajen tashi da hawan tudu, kuma ba ta saurin cinye taya.

Bugu da ƙari, rage nauyi haihuwa yake yi. Idan gangar jikin mota ta yi sauƙi, ƙaramin inji ya ishe ta. Ƙaramin inji ba ya bukatar babban tanki ko babban lagireto. Mota mai sauƙi ba ta bukatar manyan birki da faffaɗan tayoyi, sitiyarinta kuma ba ya bukatar na'urar da ke taya direba murzawa. Kilo ɗaya da aka cire a wuri ɗaya sai ya ja wasu kilo su fita a wani wurin.

Hanya ta farko: cire abin da ba dole ba

Hanya mafi arha ita ce a cire duk abin da mota za ta iya tafiya ba shi. A watan Oktoba na 1972 kamfanin Porsche na Jamus ya nuna 911 Carrera RS a bajekolin motoci na birnin Faris. Iri biyu aka yi, mai alatu da marar alatu, injinsu ɗaya, mai ƙarfin doki 210. A marar alatun an cire kujerun baya da darduma da agogo da madogarar hannu da abin rataye riga, an sa siraran gilasai da fallen ƙarfe marar kauri, har tambarin kamfanin ma da gam aka manna shi. Sakamakon haka ta tsaya a kilo 960, wato ta fi 'yar uwarta sauƙi da kilo 115, fiye da buhun siminti biyu. Kamfanin ya yi niyyar ƙera 500 ne don ya sami izinin shiga gasa da ita, amma saboda rububin masu saye sai da ya ƙera 1,580.

Ba masu kuɗi kaɗai aka yi wa wannan ba. Kamfanin Peugeot, wanda babu ɗan kasuwar da bai hau motarsa ba a wannan yanki namu, ya fito da 205 Rallye a 1988 don samari masu son tsere da ƙaramin jari. An cire mata yawancin abin da ke hana ƙarar inji shiga ciki da sauran kayan lantarki na jin daɗi, ta koma ƙasa da kilo 800, da ɗan inji mai ƙarfin doki 103. Su kuwa Japanawa, a kamfanin Mazda, da giram suke lissafi. Lokacin da suka sabunta motarsu MX-5 a 2015, sun bi ta gaɓa-gaɓa suna rage kaɗan-kaɗan, har suka mayar da kusoshin taya 4 maimakon 5, suka tashi da ragin kimanin kilo 100. Duk mai saida kaya da awo ya san yadda ɗan abin da ke zuba daga bakin mudu yake zama buhu a ƙarshen shekara.

Hanya ta biyu: sauya abin ƙira

Hanya ta biyu ta fi tsada, wato a bar abin a wurinsa amma a ƙera shi da abu marar nauyi. Alminiyam, irin wanda ake tukunya da shi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe idan girmansu ɗaya. Lotus Elise da ta fito a 1996, shekara 14 bayan rasuwar Chapman, da alminiyam aka yi ƙashinta, kuma ba walda aka yi masa ba, da wani gam mai ƙarfi aka haɗa shi, domin zafin walda yana raunana alminiyam. Ƙashin gaba ɗayansa kilo 68 ne, nauyin mutum ɗaya. Motar duka kilo 725, injinta na doki 118, wanda bai fi na motar gida ba, amma tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 6 ko ƙasa da haka kaɗan, domin kowane doki kilo 6 kawai yake ja.

Sama da alminiyam akwai zaren kabon, wanda ake saƙa shi kamar tufafi, a jiƙa shi da gam, a gasa shi cikin zafi da matsi har ya sandare. Kamfanin McLaren na Ingila ne ya fara fito da motar Formula 1 mai irin wannan ƙashi a 1981. A 1992 kuma wani injiniya haifaffen birnin Durban na Afirka ta Kudu, Gordon Murray, ya ƙera McLaren F1 ta hawa kan titi da shi. Injinta na BMW ne, mai silinda 12 da ƙarfin doki sama da 600, amma nauyin motar kilo 1,140 ne ko kusa da haka. Bai sa mata na'urar taya murza sitiyari ba, bai sa ta taya taka birki ba. A 1995 irinta ta tsere ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, a 1998 kuma aka auna gudunta ya kai kilomita 386 a awa. Guda 106 kawai aka ƙera.

Ba duka kilo ne ɗaya ba

Wani abin lura shi ne, inda nauyi ya zauna yana da muhimmanci kamar yawansa. Kilo ɗin da ke jikin taya da wili da birki ya fi na ko'ina illa, domin ba ya kan sifirin. Shi ne ke tsalle duk lokacin da aka faɗa rami, kuma idan ya yi yawa taya takan daɗe a sama kafin ta koma ta kama ƙasa. Ga shi kuma juyawa yake yi, don haka inji zai tura shi gaba sannan ya juya shi. Shi ya sa masu tsere ke kashe kuɗi mai yawa a kan wili marar nauyi.

Na biyu a illa shi ne nauyin da ke sama. A 2003 kamfanin BMW ya fitar da M3 CSL, wadda ta fi M3 ta yau da kullum sauƙi da kilo 110, kuma abin da aka fi magana a kansa shi ne rufinta na zaren kabon. Kilo ƙalilan rufin ya rage, amma da yake daga can sama aka cire su, sai motar ta rage tangaɗi a kwana. Idan 'yan kilo a rufin mota sun isa a kashe musu wannan kuɗi, to mai karatu ya auna abin da buhu 5 ko 6 a kan rufi ke yi wa mota idan ta shiga kwana da gudu, ko direba ya kauce wa dabba ba shiri.

Garin neman ƙiba

Sai dai fa wannan hanya ta ci rayuka. A ranar 11 ga Yuni, 1955, a gasar Le Mans, wata motar Mercedes ta hau bayan wata, ta yi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Direbanta Pierre Levegh da mutum fiye da 80 suka mutu. Ba rashin nauyi ne ya jawo haɗarin ba, amma an ƙera jikin motar da maganiziyam, wani ƙarfe da ya fi alminiyam sauƙi, wanda idan ya kama wuta ruwa ƙara ingiza shi yake yi. Haka ta yi ta ci ana zuba mata ruwa. Su ma motocin Chapman, duk da nasarar da suka yi, sun yi ƙaurin suna wajen karyewa. A 1970 direbansa Jochen Rindt ya mutu a filin Monza na Italiya, inda binciken da aka yi ya nuna cewa sandar birkin gaba ce ta karye, sannan shingen da ya daka ba a kafa shi da kyau ba. Shi ne kaɗai direban da ya zama zakaran Formula 1 bayan ransa.

Don gudun kada a yi ta sassaƙe mota har ta zama akwatin gawa, hukumar tseren ta sa doka tun 1961 cewa motar Formula 1 kada ta gaza kilo 450. Da aka riƙa ƙara kayan kariya da batir, kuma aka haɗa lissafin da nauyin direba, adadin ya hau har ya kai kilo 800 a 2025, sannan dokar 2026 ta sauko da shi zuwa 768. Zaren kabon ma da farko an yi masa kallon abin da zai farfashe, sai ga John Watson ya yi mummunan haɗari a Monza a 1981, motar ta rabu biyu, shi kuwa ya fito da ƙafafunsa. Abin da aka koya shi ne, ana cire kayan jin daɗi, amma ba a taɓa abin da ke tsare rai. Mai shirya motar tsere zai fitar da kujeru da rediyo, amma zai shigar da kejin ƙarfe mai nauyi da bel mai ƙarfi da tukunyar kashe gobara. Kazalika ana duba hanyar da za a bi. Peugeot 504 da Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975 ba don rashin nauyi ta yi suna ba, ƙwarinta ne ya kai ta, domin hanyar Afirka ba ta ragawa siririn ƙarfe.

A yau lamarin ya juya. Motocin lantarki suna da ƙarfi ƙwarai, amma batir nauyi gare shi. Tesla Roadster ta 2008 a kan tsarin Elise aka gina ta, kuma batirinta kaɗai wajen kilo 450 ne. An daina ƙera Elise a 2021, kamfanin Lotus kuma, wanda Geely na ƙasar Sin ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2017, ya fito da Eletre, motar lantarki mai nauyin kusan tan 2 da rabi, wato fiye da Elise uku.

Abin da ya shafe mu

Yawancinmu ba za mu sayi irin waɗannan motoci ba, amma lissafin da ke kansu shi ne ke kan motar da ke ɗauko mana kaya. Su suna biyan miliyoyi don su cire kilo 100, mu kuwa muna ƙara kilo 800 cikin rabin awa a tasha. Ɗauki motar da nauyinta kilo 1,200 ne, mai doki 100. A zuba mata mutum 6, a ce kowanne kilo 70, a ƙara buhu 8 masu kilo 50. Ta koma kilo 2,020. Dokin da ke jan kilo 12 ya koma jan 20, birkin da tayoyin kuwa su ne dai na jiya. Mukan ga an ƙara wa mota ganyen sifirin don kada bayanta ya zauna, a ce an ƙara mata ƙarfi. Sifirin na ɗaga kaya ne kawai, ba ya tsayar da mota a gangara. Hanyar ma tana biya, domin gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka, ɓarnar da yake wa kwalta takan ninka wajen sau 16. Ramukan da ke fasa mana taya, wani ɓangarensu lodinmu ne ya haƙa su.

Don haka shawararmu ga mai mota da mai kaya ita ce, a duba ɗan allon da kamfani ya manna a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, inda ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da kayanta. Kaya mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, marar nauyi ya hau sama. A fitar da tarkacen da ya shekara a but ba a amfani da shi. Jarkokin mai ma a sa su a lissafi, domin lita 100 ta fetur wajen kilo 75 ce. Amma kada wani bakanike ya ce zai cire bel, ko jakar iskar kariya, ko ƙarfen cikin ƙofa, ko ya yanke ƙashin mota don a sami wurin kaya, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kada kuma a yi koyi da motocin Turai a bar safaya da jak a gida, domin wanda taya ta fashe masa tsakanin Tanut da Agadas ya san kilo 20 ɗin nan ba asara ba ne.

Kafin a ce a ƙara buhu biyu, mai kaya ya ɗauki kuɗin dakonsu ya ajiye a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ya ajiye kuɗin taya, da na birki, da kwanan da za a yi a daji idan ƙafar mota ta karye, da ran mutanen da ke ciki. Mu da muke auna gero da wake har zuwa mudun ƙarshe, bai kamata a ce motar da ke ɗauke da jarinmu da 'yan uwanmu ita kaɗai ce ba ma aunawa ba. Allah Ya kiyaye hanya.